Ramukan da ke ƙasan tsohon karaban ba kuskuren kafinta ba ne

Idan ka taɓa ganin hoton wani ɗan ɗaki mai taya biyu da mota ke ja a titunan Ingila, to shi ne karaban. Ɗaki ne na tafi-da-gidanka, ga gado, ga murhu, ga fitila, duk a wurin da bai fi shagon tela girma ba. A yau akwai masu sha'awar sayen tsofaffin, na shekarun 1950 zuwa 1970, su gyara su tafi hutu da su. Abin da sabon mai shi yakan fara lura da shi kuwa shi ne ramuka a daɓen ƙasa da ƙananan kafofi a jikin bango, sanyi na ta shigowa. Sai ya toshe su. Wannan toshewar tana iya zama ajalinsa, kuma dalilin yana cikin tarihin ɗakin.

A 1885 wani likitan sojan ruwa da ya yi ritaya, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa ɗakin yawon shaƙatawa a Biristol, dawakai ke ja. A 1919 kamfanin Eccles na Bamingam ya fara ƙera waɗanda mota ke ja. Duk wannan zamanin risho da fitilar kananzir ne.

Lamarin ya canza a 1935, lokacin da kamfanin Calor ya fara sayar da gas a cikin tukunya. Tukunya ɗaya ta yi girki, ta kunna fitilar bango mai 'yar rigar zare da ke yin fari fat idan ta ɗau zafi, daga baya har ta ɗumama ɗaki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Sam Alper ya fito da Sprite mai araha, karaban ya shiga hannun ma'aikata masu ƙaramin albashi.

To amma gas ɗin tukunya yana da hali. Butan ya kusa ninka iska biyu a nauyi, furofan kuma ya ninka ta ɗaya da rabi. Idan ya zurara ba ya tashi sama. Gangarawa yake yi kamar ruwa, ya kwanta a ƙasa, ya cika ƙarƙashin gado da kabad. Kashi 2 cikin 100 na iskar wurin ya isa ya kama da wuta. Za ka ce ai ana jin warinsa. Warin nan ƙara shi ake yi da gangan, kuma Amurka ta koyi darasin da tsada: a 1937 gas marar wari ya tashi da wata makaranta a jihar Tekzas, kusan mutum 300 suka mutu, aka kafa dokar sa masa wari. Sai dai hancinka yana sama, gas ɗin yana wajen ƙafarka. Ramukan daɓen nan su ne magudanarsa.

Kafofin bango da na rufi kuma wani aikin suke yi, wanda a ganina ya fi muhimmanci. Kowace wuta tana cin oksijin. Idan bai ishe ta ba, harshenta ya bar shuɗi ya koma ruwan ɗorawa, ta fara fitar da kabon monoksayid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari. Tun ƙarni na 19 masanin Faransa Claude Bernard ya nuna cewa tana kame jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Riƙon da take yi wa jini ya ninka na oksijin sau fiye da 200. Ciwon kai, jiri, sai barci. Ka san labarin, domin ita ce dai ke kashe iyalin da suka kwana da janareta a ɗaki, ko kaskon gawayi a lokacin hunturu.

Mafi yaudara a cikin kayan tsohon karaban shi ne firji. A 1922 wasu ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro firjin da ke sanyi da zafin wuta, ba inji, ba ƙara. Ma'ana akwai ɗan harshen wuta da ke ci a bayansa duk dare, kana barci. Tsatsa ko yanar gizo-gizo ta toshe bututun hayaƙinsa, shi ke nan. Tsofaffin murahu da yawa ma ba su da na'urar da ke yanke gas idan iska ta kashe wutar.

Lantarki shi ya zo a ƙarshe, kuma a hargitse ya zo. Da farko bolt 12 ne daga batirin mota. Wutar gida mai bolt 240 ta biyo baya, kuma a karaban da yawa masu shi ne suka ja wayar da kansu, wannan ya ƙara soket, wanda ya saya a hannunsa ya ƙara wani. Shi ya sa za ka tarar da ja da baƙar waya ta tsohon tsarin Ingila an haɗa ta da ruwan ƙasa da shuɗiya ta sabon tsari a akwati ɗaya. Yanzu dubi ginin: fatar alminiyam a kan katako, zaune a kan tayoyin roba. Waya ta goge ta taɓa fatar, jikin ɗakin gaba ɗaya ya ɗau wuta, kuma wutar ba ta da hanyar sauka ƙasa sai wanda ya tsaya a jiƙaƙƙiyar ciyawa ya kama marfin ƙofa. Fis ba zai cece shi ba. Aikin fis kare waya ne daga ƙonewa, fis mai amfiya 13 ba zai ko motsa ba a kan 'yar wutar da ta isa ta rikita bugun zuciya. Abin da ke ceton mutum ita ce na'urar da ke kwatanta wutar da ta shiga da wadda ta dawo, ta yanke da zarar bambancin ya kai miliamfiya 30. Binciken Charles Dalziel na jami'ar Kalifoniya a farkon shekarun 1960 na cikin abin da ya share mata hanya, amma karaban na wancan lokacin ba da ita aka ƙera su ba. Kada ka raina bolt 12 ma. Ba zai ja ka ba, amma batirin mota na iya yin tartsatsi, kuma ka tuna abin da ke kwance a ƙasa.

Don haka masu gyara na gaskiya sukan gwada bututun gas da ma'aunin matsi, su duba kwanan watan da ke jikin tiyo, su sake waya baki ɗaya, su buɗe duk ramin da wani ya toshe. Sannan su sa ƙararrawa biyu. Ta gas ɗin tukunya can ƙasa kusa da daɓe, ta kabon monoksayid kuwa sama-sama inda ake shaƙar iska, saboda nauyinta kusan ɗaya ne da na iskar ɗaki.