Sauyin sauti

sauyin sauti (suna, namiji) Yadda baƙi ko wasali ke rikiɗa a harshe bisa ƙa'ida, sannu a hankali. A 1822 Jacob Grimm ya nuna *p* ta tsohon harshen Indo-Turai ta zama *f* a harsunan Jamusawa: Latin *pater*, Ingilishi *father*. Hausa ma da tata ƙa'idar, wadda August Klingenheben ya bayyana wajen 1928: wasu baƙaƙen ƙarshen gaɓa kan koma *u*, shi ya sa *talaka* ya haifi *talauci*. Je tashar Kawo a Kaduna ka kasa kunne: Basakkwace na cewa *zamna*, *sabro*, *amre*, Bakano kuwa *zauna*, *sauro*, *aure*. Na Sakkwato ne tsohon furuci, kuma bai cancanci dariyar da ake masa ba.