Cinikin Shanu Ta Waya Daga Yola Da Jimeta: Yadda Ake Talla, Yadda Ake Biya, Da Inda Ake Faɗawa Rami

'Yan uwa mazauna Kudu, da yawanku yanzu kuna sayen sa ko rago daga Adamawa ba tare da kun taka tasha ba. A turo bidiyo ta WhatsApp, a yi ciniki da saƙon murya, a tura kuɗi, bayan kwana biyu ko uku tirela ta sauke kaya a Legas ko Inugu. Ni ɗan Jimeta ne, mahaifina falken shanu ne, kuma ni nake riƙe masa wayar kasuwa: ɗaukar hoto, amsa saƙo, duba alat. Zan jero muku yadda harkar take tafiya daga wannan ɓangaren namu, don mai saye ya san abin da zai nema, mai sayarwa kuma ya san abin da ke kansa. Tun farko ku riƙe wannan: waya tana nuna dabba, amma ba ta tsaya wa kowa. Mutum ne yake tsaya wa mutum.

Inda kayan suke fitowa

Yola gari biyu ne a haɗe. Akwai Yola ta cikin gari, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, inda fadar Lamiɗo take. Akwai kuma Jimeta a bakin kogin Binuwai, inda babbar kasuwa da tashoshin mota da bankuna suke. Yawancin shanun da muke lodawa daga kasuwannin kewaye ake haɗo su: Ngurore a kan hanyar Numan, da Song, da Ganye, da kuma Mubi, wadda shanu ke shigo mata daga Kamaru da Chadi. Irin da za ku fi gani su ne Gudali na Adamawa mai jiki da gajeren ƙaho, da farin Bunaji, da jan Rahaji mai dogon ƙaho. A raguna kuma akwai Balami da Uda da 'Yankasa.

Daga Numan hanya takan rabu. Mai zuwa Gabas yakan bi Jalingo da Wukari ya ratsa jihar Binuwai, ya sauke a Ugwuoba ko Amansea ko Lokpanta, ko ya wuce Fatakwal. Mai zuwa Yamma yana neman Akinyele a Badun, ko Kara da ke bakin Legas, ko mahautar Oko-Oba a Agege.

Kafin waya

Wannan ciniki tun asali a kan lamuni aka gina shi. Falke ya kai shanu Kurmi, ya sauka a gidan fatoma. Fatoma ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, dillali ya sayar wa mahauci, sau da yawa bashi. In mahauci ya gaza biya, fatoma ake riƙewa, don shi ya san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916, da wannan tsari da na goro ta yi ƙarfi. Har wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a cikinta ya rubuta littafi a kai, aka buga a 1969. Na kawo wannan ne don ku ga cewa sayen kaya daga nesa ba sabon abu ba ne wurin Bahaushe. Abin da ya sauya shi ne saurin labari.

Yadda waya ta shigo tike

Wayar salula ta fara aiki a Najeriya a 2001, tun daga nan falke yake iya jin farashin Legas yana tsaye a Ngurore. An ƙirƙiro Facebook a 2004, WhatsApp kuma a 2009, sannan kamfanin Facebook ya saye shi a 2014. Saƙon murya ne ya buɗe wa dattawanmu ƙofa, domin wanda bai iya rubutun boko ba zai danna ya yi bayani da Hausa ko Fulatanci. A 2018 aka fito da WhatsApp Business don 'yan kasuwa. Sai kuma ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin naira. Lokacin ne har masu cewa su sai kuɗi a hannu suka buɗe asusu, tiransifa da POS suka zauna a tike daram.

Kowace kafa da aikinta

WhatsApp shi ne rumfar ciniki. Abin da ka ɗora a sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, shi ya sa ya dace da kayan ranar kasuwa. Akwai hanyar tura saƙo ɗaya ga mutum 256 a lokaci guda, amma fa sai waɗanda suka ajiye lambarka ne zai isa gare su. Don haka ɗan kasuwa mai dabara yakan roƙi duk wanda ya taɓa saya a wurinsa ya ajiye lambar. Zaure kuma yana ɗaukar mutum fiye da dubu, sai dai in ya cika da gaisuwa da siyasa, talla takan nutse a ciki.

Facebook na neman sabbin mutane ne, musamman mahauta da masu gidajen abinci da masu biki waɗanda ba Hausawa ba. A nan ya kamata a rubuta bayani da Hausa da Turanci mai sauƙi. Amfaninsa na biyu, shafi yana ajiye tarihi. Mai saye zai iya komawa baya ya ga ko shekara uku kake wannan sana'a ko jiya ka buɗe.

TikTok yana tara 'yan kallo, musamman gab da babbar Sallah, idan aka nuna ƙaton rago. Amma yawan mabiya ba shi ne yawan ciniki ba. Na ga bidiyon da dubban mutane suka kalla ba a sayi ko akuya ba, na kuma ga sitatus da mutum arba'in suka gani aka cika rabin tirela. Rediyo, irin su Gotel da ABC Yola, har yanzu shi ke isa ruga, inda intanet ba ta da ƙarfi.

Bidiyon da ya kamata ka nema

Hoto yana ƙarya ba tare da an taɓa shi ba. In aka durƙusa aka ɗauka daga ƙasa, ɗan maraƙi sai ya koma bajimi. Don haka kada ka yarda da hoto ɗaya. Ka nemi bidiyo da rana, ba a yanke ba, mutum yana tsaye kusa da dabbar don ka gwada tsayi. A zagaya ta gaba da baya da gefe biyu, a sa ta yi tafiya don ka ga ko tana ɗingishi. A buɗe baki a nuna haƙora: sa yana fitar da manyan haƙora biyu na farko wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi, ba ya cika takwas sai ya kai huɗu zuwa biyar. A nuna hanci da ido da kofato da fata, saboda kirci da ciwon baki da kofato. Tari da numfashi sama-sama na iya zama ciwon huhu, rama kuma na iya zama sammore ko hanta.

Mai ɗauka ya faɗi ranar da sunanka da bakinsa a cikin bidiyon, don kada a turo maka na bara. In an daidaita, a shafa fenti a jikin dabbar da alamar da ka zaɓa, a sake ɗauka lokacin lodi tare da lambar mota da fuskar yaron da zai raka kaya. Kuma ka sani, dabba takan faɗa a hanya saboda tsayuwa da ƙishi. Wanda ka gani a Ngurore ba haka zai sauka a Agege ba, sai ya huta ya ci ya sha. Rigima da yawa daga rashin sanin wannan take tasowa.

Maganar kuɗi

Kafin a tura ko kwabo, a yi magana a kan abu huɗu, kuma a bar ta a rubuce ko a saƙon murya: kuɗin dabba, la'adar dillali, kuɗin mota da na hanya, da kuma wanda zai ɗauki asara in dabba ta karye ko ta mutu. Kuɗin mota yana hawa da sauka da farashin gas, ga kuma harajin shingaye, don haka kada a ce "sai an isa a gani".

Damfara iri uku ce ta fi yawa. Ta farko, mutum ya kwashi bidiyon wani ya buɗe shafi, ya sa farashi mai araha, ya karɓi kafin alƙalami ya kashe waya. Maganinta kiran bidiyo kai tsaye daga cikin kara, da tambayar wa ya san shi a kasuwarku. Ta biyu, alat na bogi, wanda yake cin masu sayarwa. Saƙon da ya shigo waya ba hujja ba ne, sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna kafin a kwance igiya. Ta uku, satar WhatsApp. A kira ka a ce za a yi taron ƙungiya ta waya, ka karanto lambobi shida da aka turo maka. Kana faɗa sun ƙwace layin, su shiga roƙon abokan cinikinka kuɗi da sunanka. Kada ka ba kowa waɗannan lambobin, kuma ka shiga saitin manhajar ka sa lambar sirri ta biyu.

Idan za ka tura kuɗi, banki yana nuna sunan mai asusu kafin ka danna. In sunan ya saɓa da na wanda kuke magana da shi, ka tsaya. "Na ƙanena ne" ba amsa ba ce sai wanda ka sani ya tabbatar.

Kare suna

Talla daban, kare suna daban. Idan mai saye ya fito a shafi ya ce an cuce shi, goge maganarsa ko zaginsa shi ne babban kuskure, domin wasu sun riga sun ɗauki hotonta. Abin da na ga yana aiki shi ne a amsa a fili da ladabi, a kira shi, a sa sarkin tike ko shugaban 'yan kasuwar can ya duba dabbar, in da ragi a yi ragi, sannan a roƙe shi ya koma inda ya yi ƙorafi ya faɗi yadda aka ƙare.

Akwai kuma sunan jama'a baki ɗaya, wanda ku mazauna Kudu kuka fi mu sanin nauyinsa. A Fabrairun 2021 aka yi rikicin kasuwar Shasha a Badun, daga baya haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu safarar abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda, aka janye a farkon Maris. A kwanakin nan wayoyinmu sun cika da hotuna da muryoyi, na gaskiya da waɗanda ba a san asalinsu ba. Mai turawa yana zaune lafiya a Jimeta, amma wanda zai kwana da abin yana Sabo ko Ama Hausa. Zauren kasuwa ya zama yana da doka: ba a tura labarin tashin hankali sai an kira shugabannin wurin an ji daga bakinsu. Ga shi kuma dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, ana kama mutane da ita a kan damfara da abin da suka wallafa.

Kada ka zuba duka a kafa ɗaya

Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke kusan awa shida a duk duniya. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yuni har zuwa Janairun 2022. Shafi ba naka ba ne, aro aka ba ka. Lambobin abokan ciniki da lissafin bashi su kasance a littafi ma. Wanda harkarsa ta girma kuma ya yi wa sunan kasuwancinsa rajista a hukumar CAC, ya buɗe asusu da wannan sunan, domin gidajen abinci da kamfanoni sun fi sakin jiki da haka.

A taƙaice, 'yan uwa, kafin ka tura kuɗi Yola ka tambayi kanka: in wayar mutumin nan ta mutu gobe, ƙofar wa zan ƙwanƙwasa? In akwai fatoma ko dillali ko sarkin tike da zai ce "na san shi, na san gidansu", to bismilla. In babu, ka riƙe kuɗinka ko da bidiyon ya kai me kyau. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai kaya da masu rakiya lafiya.