Daga Buhun Gyaɗa Zuwa Ƙwaryar Nono: Tarihin Wata Guba

A shekarar 1960 wata annoba ta faɗa wa gonakin kiwon tsuntsaye a Ingila, ta hallaka 'yan talotalo sama da 100,000. Ruwa ba ya tsami banza, saboda haka masana suka bi sawun abincin da tsuntsayen suka ci, suka tarar da tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Brazil. A jikin tunkuzar akwai wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus, daga sunanta kuma aka ƙirƙiro wa gubar da take fitarwa suna, aflatoksin.

Labarin ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin a lokacin Nijeriya na sahun gaba wajen fitar da gyaɗa a duniya, dalar gyaɗar Kano kuwa ita ce shaida. Tun daga nan masu saye a Turai suka fara auna gyaɗa da ma'aunin da manomi bai taɓa jin labarinsa ba.

A 1963 wasu masana biyu a Ingila, Allcroft da Carnaghan, suka gano cewa saniyar da ta ci gurɓataccen abinci tana fitar da guba a madararta. Hantarta ce ke sauya gubar zuwa wani nau'i da aka laƙaba wa M1. Tafasa madara ba ta kawar da ita, kafa kindirmo ma ba ya raba nono da ita. Ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari. Illarta a hankali take bayyana: aflatoksin na cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Shi ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade maikirogiram 0.05 a kowane kilo na madara, Amurka kuma 0.5.

Fumfunar nan zafi da laima take so. Kaɗan ne daga garuruwan da Hausawa suka yi zango suka kai Douala ta Kamaru laima, inda ruwan sama kan zarce milimita 3,500 a shekara. Unguwar New Bell ta samo asali ne daga shirin Jamusawa na 1910 na tayar da 'yan ƙabilar Duala daga bakin kogin Wouri, shirin da Rudolf Duala Manga Bell ya yi adawa da shi har aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya unguwar ta zama matattarar baƙi, ciki har da Hausawa fatake da mahauta, waɗanda suka kafa tasu shiyyar da masallatansu. Da layin dogo ya isa Ngaundere a 1974, hanyar shanu da hatsi daga arewa zuwa gaɓar teku ta ƙara buɗewa.

Gyaɗar da ta bushe ƙayau a arewa, idan ta daɗe a sito mai laima, sai ta yi fumfuna. Daga ita ake yin ƙuli-ƙulin tsire da labun kilishi. Masarar da ta lalace kuwa, wadda ɗan Adam ya ƙi, sau da yawa dabbobi ake zuba wa don gudun asara, sai gubar ta komo gida ta ƙwaryar nono. Wani bincike da masanan Jami'ar Yaoundé suka wallafa a 2010 ya gano aflatoksin a ƙwai, da madarar shanu, har da nonon uwa a Kamaru.

Maganin ya fi yawa a gona da rumbu. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda Nijeriya ta yi wa rajista a 2014: ƙwayar dawa ce da aka lulluɓe da fumfuna marar guba, a watsa a gona ta rinjayi mai gubar. Sauran aikin tsohon ilimi ne da kakanni suka sani: a shanya amfani ya bushe sarai, a tsince ruɓaɓɓe, a ɗora buhu bisa katako nesa da ƙasa. Abin da shekarar 1963 ta ƙara a kai shi ne, tsintar da aka fitar kada a ba saniyar tatsa.