Daga Kalangu zuwa Wayar Hannu: Kafafen Yaɗa Labarai da Wasanni a Ƙasar Ƙaura Namoda

An saba ɗaukar kafar yaɗa labarai a matsayin ɗan aike: an yi wasa, ta zo ta faɗi wanda ya ci. Abin da ya faru a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi cikin shekaru talatin da suka wuce bai goyi bayan wannan fahimta ba. Kafa ce ke zaɓar wasan da za a gani, ita ke yanka masa lokaci, ita kuma ke nuna hanyar da kuɗin ɗan kallo zai bi. Hujjar wannan maƙala ita ce, kafa tana raya wasan da take da gida a cikinsa ne, sauran kuwa ko dai ta mantar da mutane su, ko ta sake musu kama.

Dambe bai taɓa rayuwa ba tare da mai yayata shi ba. Tun yana wasan mahauta da ake yi da kaka, bayan amfanin gona ya zo gida, makaɗin kalangu ne ke sanar da gari cewa baƙi sun sauka, shi ke kaɗa taken kowane ɗan dambe, shi ke ɗaukar labarin kisa daga wannan kasuwa zuwa waccan. Ɗan dambe Shago mutumin ƙasar Zamfara ne, amma Bahaushen Kumasi ko na Agadas da bai taɓa ganin ya sa zare ba ya san shi, ya san karonsa da Ɗandunawa. Waƙar Muhammadu Bawa Ɗan Anace ce ta kai shi can, Rediyon Kaduna da kaset suka ƙara mata nisan zango. Abin lura shi ne, mawaƙin yana cikin fili, ƙurar da ta taɓa ɗan dambe ta taɓa shi, kuma abin da aka yi masa kari da shi a garin ake kashe shi. Rediyo ya faɗaɗa wannan tsari ne kawai, bai rushe shi ba.

Tauraron ɗan Adam ne ya zo da wani abu daban. Gasar Firimiya ta Ingila da aka kafa a 1992 ita kanta 'yar talabijin ce, domin manyan ƙungiyoyi sun ɓalle ne don su sayar da haƙƙin nuna wasanninsu da tsada. Da DStv ya fara aiki a 1995, daga baya kuma farashin kwanon tauraron ɗan Adam da janareta ya sauko, sai gidan ƙwallo ya bazu har garuruwan da wutar lantarki ba ta zama. Rumfar kwano, bencina, allo a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli. Yau yaron da ke Zurmi zai jero maka 'yan wasan Arsenal ko Real Madrid har da na benci, ya kuma san nawa aka sayi kowanne. Tambaye shi 'yan wasan Zamfara United, ƙungiyar da ta taɓa buga babbar gasar ƙasa a filin tunawa da Sardauna da ke Gusau, sai ya yi shiru.

Ban ga laifin yaron ba, kuma masu cewa samari sun raina nasu ne ba su yi musu adalci ba. An ba su wasa mai kyau, a kan lokaci, da hoto garau, har da sharhi cikin Hausa daga sashen BBC. Wasan gida kuwa sau da yawa ba a nuna shi, ranarsa ma tana iya sauyawa. Ido yana bin abin da aka haska masa. Sai dai a bi sawun kuɗin: abin da ɗan kallo ya biya a ƙofa, wani kaso ya tafi gidan mai, wani ya tafi kamfanin da ke sayar da kati, daga can ya wuce Turai. Mai rumfa ya sami na cefane, wannan gaskiya ne, amma ko sisi ba ya komawa ga filin makarantar da yaran unguwa ke buga ƙwallo ba takalmi. Sannan a bayan allon akwai cacar wasanni da ta shigo ta waya, wadda ke mai da ɗan kallo mai lissafin riba da faɗuwa.

Wayar hannu ta dawo da dambe idon duniya, kuma nan ne al'amarin ya fi wuyar yanke wa hukunci. Tashar Dambe Warriors a YouTube ta soma a 2017, kamfanin African Warriors Fighting Championship ya biyo baya, kuma miliyoyin mutane da ba su jin Hausa sun kalli 'yan damben Arewa da Kudu da Guramaɗa. Samarin Zamfara da ke sa zare a gidan damben Dei-Dei a Abuja ko a Kano da Legas sun sami suna da kuɗin da iyayen gidansu ba su samu ba. Wasu gyare-gyaren da kyamara ta jawo alheri ne. Haɗa mutum da sa'ansa a nauyi, duba naɗin hannu, da ajiye ma'aikacin lafiya a gefen fili, duk abubuwa ne da ya kamata a ce an yi su tuntuni, domin wasan da ake bugun kai a cikinsa ba abin sakaci ba ne.

Amma kyamara tana da abin da take so. Bidiyon da ke yawo a Facebook da TikTok na 'yan daƙiƙoƙi ne, kuma kisa kaɗai yake nunawa. Kiɗan take, kirari, zagayen fili, tsumar da ke kama ɗan dambe idan makaɗi ya ambaci uban gidansa, turmi uku da ake tashi babu kisa amma masana su ce an yi dambe, duk ana yanke su. Wanda ya iya kare kansa da haƙurin jiran dama ba ya samun masu kallo kamar mai kai hannu ido rufe. Idan lada ta koma ga irin wannan salo, masu tasowa shi za su koya. Makaɗin da a da shi ne ma'ajiyar tarihin wasan ya koma ƙarar da ake ji a bayan hoto.

Watan Satumba na 2021 ya fito da rashin daidaiton da ke tsakanin wasan gida da na waje fili. Saboda matsalar 'yan bindiga, an katse layukan waya a faɗin Zamfara, an rufe kasuwannin mako-mako, ciki har da ta Shinkafi. Kasuwa da waya su ne ƙafafun wasan gida, ɗaya tana tara jama'a, ɗaya tana fitar da labari, kuma duka biyun suka tsaya lokaci guda. Kwanon tauraron ɗan Adam kuwa bai dogara da layin waya ba. Duk wanda ya sami man janareta yana iya ganin wasan da ake yi a Landan, alhali ba shi da hanyar sanin abin da ke faruwa a garin da ke maƙwabtaka da shi.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga wata hanyar. A Jamhuriyar Nijar, wadda Zurmi da Shinkafi ba su da nisa da iyakarta, gasar kokawa ta neman takobi tana gudana tun 1975, tana zagaya jihohi. Télé Sahel da Muryar Sahel suna watsa ta kai tsaye cikin harsunan ƙasa, tare da makaɗa da kirarin 'yan kokawa, ba a yanke su. Mutanen Maraɗi ma suna kallon Barcelona, amma sunan ɗan kokawa Isaka Isaka na Doso ba baƙo ba ne ga yaransu. Bambancin shi ne, can hukuma ta tsayar da lokaci guda a shekara, ta sa kyauta mai tsoka, ta kai kyamara filin.

Zamfara tana da gidan rediyo da talabijin nata, Ƙaura Namoda tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1983, cike da matasan da suka iya ɗaukar hoto da tace shi. Gasar dambe da kokawa ta bayan kaka tsakanin ƙananan hukumomin nan uku, a watsa ta cikakkiya da makaɗanta, ba ta fi ƙarfinsu ba. Abin da zai fara tare ta shi ne hanya, domin sai ɗan wasa da ɗan kallo sun iya tasowa daga Shinkafi ko Zurmi su iso Ƙaura, su kuma koma gida lafiya.