Wane Suna Za Ka Sa wa Karenka? Daga Ƙiɗmir Zuwa Wasalin “o” na Ɗauko



Mu ƙaddara kai mazaunin Kwangila ne a Zariya, nan inda titin Kaduna zuwa Kano ya gitta hanyar Samaru da Funtuwa. Sai aka ba ka kwikwiyo namiji, irin karnukan nan na Turawa masu langaɓaɓɓun kunnuwa da ake ce wa ritiriba. Ka kai shi asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a yi masa allurar rigakafin ciwon hauka, aka tambaye ka sunan da za a rubuta a kati. Kai kuma ka ce ba ka son Bingo, na gargajiya kake so. To, kada ka yi saurin buɗe baki. Kuskure a nan yana iya haɗa ka rigima da maƙwabci.

Abu na farko, a wurin Bahaushe kare ba shi da sunan yanka. Sunan yanka na ɗan Adam ne, wanda ake raɗawa ran bakwai, a yanka rago. Abin da kare yake samu laƙabi ne kawai, kuma ba a ɗauko shi daga bakin mutane. Ai ka san kalmar “kare” kanta zagi ce. Ka tsaya a ƙofar gida kana kwaɗa kiran “Jatau! Jatau!” saboda gashin karenka ja ne, alhali mai shagon da ke kusa da kai Jatau ake ce masa, ka ga ai sai an kai ga mai unguwa. Haka Ɗanladi da Ɗanjuma, ko da ran Lahadi ko Juma'a aka haifi kwikwiyon.

Wannan taka-tsantsan ya daɗe. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan malaman Zazzau, kuma ya taƙaita ajiye kare ga tsaron gona, da rakiyar dabbobi, da farautar neman abinci. Shi ya sa a birni kare ya zama na gefe, a daji kuwa ya zama abokin sana'a. Su mafarauta, mutanen Sarkin Baka da Sarkin Dawa, su ne suka fi kowa buƙatar kiran kare da suna, don mai karnuka biyar a tsakiyar daji dole ya bambance wanda zai cuna wa zomo da wanda zai tsayar. Sunan kare mafi tsufa da almajiri zai gaya maka kuwa shi ne Ƙiɗmir, na As'habul Kahfi. Alƙur'ani ya ambaci karen bai faɗi sunansa ba, a littattafan tafsiri sunan ya zo.

To ina Bingo da Taiga da Jak suka fito? Turawa sun karɓe ikon Zazzau a 1902, jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari da Tudun Wada suka tashi a wajen ganuwa, ga barikin Turawa, ga gonar gwaji ta Samaru daga baya. Kuku da boyi da maigadi suna jin yadda Bature ke kiran karensa. A ganina ba kwaikwayo kaɗai ya yaɗa sunayen nan ba, sun zo ne da sauƙi: ba wanda ake kira Bingo a unguwa, saboda haka ba wanda zai ce da shi kake.

Akwai kuma masu neman a ce da wani suke. A ƙasar Bargu, wata manazarciya mai suna Wendy Schottman ta wallafa bincike a 1993 kan yadda Barubawa ke sa wa karnuka sunaye na karin magana, mutum ya kira karensa da ƙarfi, saƙon ya isa kunnen wanda ake nufi, ba tare da an yi ido da ido ba. Wannan mu habaici muke ce masa, kuma harshenmu ya iya ƙera irinsa: Ba-ruwanka, Sa-ido, Ku-gaji. Suna da daɗi, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. In kana gidan haya, ka rufa wa kanka asiri.

Yanzu mu dubi shi baƙon namu. Aikinsa ya saɓa da na karen farautarmu. Namu ana cuna shi, ya kora, ya kama. Shi kuwa zama yake yi har maharbi ya harbo tsuntsu, sannan ya tafi, ko cikin ruwa ne, ya ɗauko shi a baki ba tare da ya tauna ba. Nau'in Labrado asalinsa karnukan masunta ne na tsibirin Niyufawunlan da ke Kanada a yau, aka kai su Ingila a ƙarni na 19, ƙungiyar masu karnuka ta can ta amince da shi a matsayin nau'i a 1903. Mai ruwan zinare kuwa daga Sikotilan yake: a 1868 wani attajiri, Dudley Marjoribanks, ya haɗa wani kare mai ruwan ɗorawa da wata karya mai son ruwa a gidan gonarsa na Guisachan. Sunan karen Nous, kalmar Girkanci mai nufin hankali. Ka ga su ma hali suka duba.

A nan nahawu ya shigo. Duk aikin karen nan yana cikin wasali ɗaya. Ɗauka daban, ɗauko daban. Kai daban, kawo daban. Wannan “o” ta ƙarshe ita ce alamar aji na shida cikin azuzuwan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960, kuma tana nuna aikin ya nufo wajen mai magana. Abin da Bature ya buƙaci kalma sukutum don faɗa, mu ɗafa-ƙeya ta gama mana. “Karen ɗauko” ya wadatar a matsayin sunan nau'in.

Sai dai kada ka sa masa suna Ɗauko. Umarni ne da za ka riƙa ba shi kullum, in ya zama sunansa ba zai san kira kake ko aike ba. Kawo ma haka, ga shi kuma ya yi kusa da Kawu, abin da ba ka so a ji daga bakinka da sassafe.

Mafita tana cikin tsohuwar hanyar ƙera laƙabi da “au”. Dubi Nomau daga noma, Shekarau daga shekara, Mantau daga manta, Gagarau daga gagara. Ana ɗaukar saiwar aikatau a liƙa mata “au”, karin sauti ya fara ƙasa ya ƙare sama. Waɗancan mutane sun riga sun mallake su, amma injin yana nan yana aiki. Daga tsinta ka samu Tsintau. Daga nutsu ka samu Nutsau, wanda ya yi daidai da Nous ɗin can, ga shi kuma yana ɗauke da ƙamshin nutso a ruwa. Ko ka bi hanyar harɗaɗɗen suna, aikatau da suna, ka sa karan-ɗori a tsakani: Bi-sawu, Sha-iyo.

In sunan dabbar daji ya fi burge ka, ka lura da jinsi. Zaki da Kure da Dila maza ne. Damisa da Giwa kalmomin mata ne a nahawu, “damisa ce” muke cewa, don haka ba su dace da namiji ba. Baƙi wuluk kuwa Duna ya fi zama a baki, bayan ka tabbatar ba a kiran kowa haka a layinku.

Ni dai Tsintau na zaɓa. Gaɓa biyu ce, “ts” ɗin tana da kaifi, “au” kuma tana jawuwa, ana iya jin ta daga nesa ko tirela na wucewa.