Ƙarfafa Gwiwa da Tawakkali Wajen Rage Ƙiba: Nazari a kan Tsoron Wahala

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da ke sa mai ƙoƙarin rage ƙiba ya sare tun tafiya ba ta yi nisa ba, da irin rawar da makusanta da dogaro ga Allah ke takawa wajen tsayar da shi. An bi hanyar nazarin rubuce-rubuce, inda aka jera sakamakon binciken likitoci da na masana halayyar ɗan'adam kusa da bayanin malamai game da tawakkali, sannan aka auna su da zaman gidan Bahaushe. An gano cewa lallashi da tawakkali duka suna amfani ne idan an ɗaure su da wani aiki takamaimai.

1.0 Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima. Amfanin ragewa kuwa ba abin jayayya ba ne. A babban gwajin rigakafin ciwon suga da aka wallafa a Amurka a 2002, an ɗora wa wasu mahalarta burin zubar da kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, sai kamuwa da cutar ta ragu da kashi 58 cikin ɗari a tsakaninsu. Sanin abin yi yana da sauƙi. Dorewa a kai ita ce matsalar da maƙalar ta sa a gaba.

2.0 Tushen Tsoron

Sau da yawa akan ɗauki fargabar mai ƙiba a matsayin ragwanci, alhali tana da tushe a jiki. Sumithran da abokan aikinsa (2011) sun bibiyi mutane 50 a birnin Melbourne na Ostireliya, waɗanda aka taƙaita wa abinci na mako 10. Bayan shekara guda, sinadarin girelin mai tayar da yunwa bai koma yadda yake ba, yana nan a sama, shi kuwa leftin mai sanar da ƙoshi yana ƙasa. Fothergill da abokansa (2016) sun sami makamancin haka ga mutum 14 da suka shiga gasar talabijin ta The Biggest Loser: bayan shekara shida, jikinsu yana ƙona kusan kalori 500 a rana ƙasa da abin da ake tsammani. Wato wanda ya taɓa ragewa ya koma, idan ya ce yana tsoron sake farawa, wahalar da ya sani yake tsoro.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin tsoro da waɗannan gwaje-gwaje ba su taɓo ba, shi ne bakin mutane. Ƙiba a wajen da dama alamar hutu ce da jin daɗi, rama kuwa alamar ciwo ko ɓacin rai. Matar da ta fara faɗawa za ta sha tambayar "Lafiya kuwa?" a gidan biki, wasu ma su kai zargi kan miji cewa ba ya ciyarwa, wasu su raɗa sunan cutar da ba a son faɗa. Ga kuma ci tare a kwano guda, da kunyar mayar da tayin surukai. Mai rage ƙiba a nan yana kokawa da yunwa, yana kuma kokawa da masu ƙaunarsa.

3.0 Ƙarfafa Gwiwa

Binciken da ya fi fito da wannan batu fili shi ne na Wing da Jeffery (1999), mai mahalarta 166. Cikin waɗanda suka zo su kaɗai aka ba su tsarin da aka saba, kashi 76 cikin ɗari ne suka kai ƙarshe, kashi 24 kuma suka riƙe abin da suka zubar. Waɗanda suka zo da abokai ko dangi uku, aka kuma tsara musu ayyukan taimakon juna, kashi 95 sun kammala, kashi 66 sun riƙe. Akwai abin lura: mahalartan ne suka zaɓi zuwa da abokai, don haka mai yiwuwa tun asali sun fi himma. Duk da haka tazarar ta yi faɗin da ba za a kau da kai daga gare ta ba. Christakis da Fowler (2007), da suka bi bayanan mutum 12,067 na garin Framingham daga 1971 zuwa 2003, sun nuna ɗaya fuskar: idan aboki ya yi ƙiba, yiwuwar mutum ya bi sahu tana ƙaruwa da kashi 57, idan miji ne ko mata da kashi 37.

Abin da ya yi aiki a gwajin 1999 ya wuce "sannu, Allah ya ba da sa'a". An raba aiki, ana kiran juna, ana bin sawu. A gidan Bahaushe daidai da wannan shi ne miji ya yarda a rage mai a miyar kowa, ya kuma tare wa matarsa maganar dangi da bakinsa.

4.0 Tawakkali

Pargament da abokansa (1988), a bincikensu kan mabiya coci a Amurka, sun rarrabe hanyoyi uku da mai addini ke fuskantar matsala: ya dogara da kansa kawai, ko ya bar wa Allah komai ya naɗe hannu, ko ya yi ƙoƙari yana ganin Allah na tare da shi. Hanya ta biyu ce suka samu tana tafiya da raunin yarda da kai, ta ukun kuma da akasin haka. Wannan bai zama baƙo ga ɗalibin ilimi a nan ba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito game da mai raƙumi ya haɗa ɗaure raƙumin da dogaro ga Allah wuri guda, Imam Gazali kuma a Ihya'u ya yi raddi ga masu zaton barin sababi shi ne tawakkali. Saboda haka mai cewa "haka Allah ya halicce ni" yana kuma ƙin zuwa awon suga, ba shi da madogara a wajen malamai.

A ganin wannan maƙala, amfanin tawakkali a nan shi ne yana raba aiki da sakamako. Jikin da ke jan baya, kamar yadda aka gani a sashe na 2.0, zai sa sikeli ya tsaya na makonni. Wanda ya ɗauki ƙoƙari a matsayin nasa, sakamako kuma na Allah, ba ya karanta tsayawar sikeli a matsayin hukunci a kansa. Akasin haka na da haɗari, domin wani binciken Pargament na daga baya ya danganta ganin matsala a matsayin azabar Ubangiji da ƙaruwar damuwa. Wa'azin da ke mayar da mai ƙiba mai zunubi ƙara masa nauyi yake yi.

Azumin Ramadan ma ya ba da shaida kan amfanin yin abu tare da jama'a: nazarin Sadeghirad da abokansa (2014) ya nuna ana zubar da ɗan abin da ya haura kilo ɗaya, yawanci kuma ya dawo cikin 'yan makonni bayan Salla, lokacin da jama'a suka daina yi tare.

5.0 Shawara

Ya kamata asibitocin da ke duba masu suga da hawan jini su riƙa gayyatar miji ko mata ko wani makusanci zuwa ɗakin shawara, a ba shi aikin da zai yi. Makarantun Islamiyya na matan aure kuwa, da yake suna haɗuwa kowane mako, wuri ne da ya dace masu bincike a jami'o'inmu su gwada tsarin Wing da Jeffery, su auna sakamakon na aƙalla shekara guda.