Tarihin Tenshina: Ƙarfen Da Ke Hana Cen Ɗin Babur Zamewa

Yau mun ɗan ajiye waya gefe, za mu leƙa ƙarƙashin babur. Duk wanda ya taɓa bin hanyoyin gonakin Bakolori, tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, ya san takaicin cen ya zame ana tsakiyar tafiya. A yankin da a 2021 gwamnatin Zamfara ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare saboda tsaro, ba mai son magariba ta same shi a daji yana fama da sifana.

To daga ina wannan matsala ta samo asali?

Baburan farko da bel na fata suke tafiya, shi kuwa bel da ya sha ruwa sai santsi. Cen irin wanda muka sani yau, wani ɗan asalin Suwizalan mai suna Hans Renold ne ya ƙera shi a Manchester ta Ingila a 1880, sannu a hankali ya kori bel. A lokacin tayar baya a kafe take da jikin babur, in ka ɗaure cen shi ke nan.

Rigimar ta fara ne da aka sa wa tayar baya shokazoba. Taya na hawa da sauka, tazarar da ke tsakanin ƙaramin sifiroket na inji da babba na baya tana canzawa, wato cen ya ɗame yanzu, anjima ya saki. Abin ya tsananta bayan Yamaha ta fito da DT-1 a 1968, babur na shiga daji. Kafin ƙarshen shekarun 1970, motsin tayar baya a baburan tsere ya tashi daga kusan santimita 10 zuwa kusan 30. Dole a bar cen sako-sako, in an bar shi kuma ya yi tsalle ya fita. Maganin da aka samo shi ne tenshina: ɗan hannun ƙarfe mai sifirin da ƙaramar tayar roba, yana tokare cen daga ƙasa, yana kwashe rarar.

Mu kuwa baburan da suka cika garuruwanmu wata hanya suka biyo. Honda ta fitar da CG125 a 1975 musamman don ƙasashe masu tasowa, inda ake lodi mai nauyi kuma ba kullum ake zuwa wajen makanike ba. Irin wannan tunani ne ya haifar da su Jincheng da Boxer na 'yan kabu-kabu: motsin taya kaɗan, murfin da ke kare cen daga yashi, da notin gyara biyu a bayan taya. Ka ga ba a yi su da tenshina ba.

Sai dai hanya ba ta san da wannan ba. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, noman rani ya zauna a yankin, yau kuma babur ne ke fito da buhunan shinkafa ta cikin laka da gargada. Murfin cen ya lotse a cire shi a yar, yashi ya haɗu da baƙin mai ya riƙa cin ƙarfe kamar magagari. Nan ne wasu ke waiwayar dabarar 'yan tsere.

In za ka sa, ga abin lura:

1. Fara duba cen ɗin. Ja shi baya daga kan babban sifiroket. In ka ga fiye da rabin haƙori, ya mutu. Canza cen da sifiroket duka biyu tare.
2. Saita sakinsa da notin baya yadda kamfani ya ce, galibi santimita 2 zuwa 3 a ƙananan babura, kuma layukan gefe biyu su zo daidai.
3. Ɗaura tenshinar a layin ƙasa na cen, robar ta zauna a tsakiyarsa cif, ba a karkace ba.
4. Sa mutum biyu su hau, ka sake dubawa. Cen ya fi ɗamewa lokacin da nauyi ya danne babur, in ba sauran saki a lokacin, ko ya tsinke ko ya kashe boris na giya.
5. Juya taya da hannu, inji a kashe. Yatsu da yawa sun tafi a nan.

Abin da tarihin nan ke koya mana shi ne, an ƙirƙiri tenshina don rarar da shokazoba ke jawowa, ba don ɓoye tsufan cen ba. Mai tsohon babur na daji yana buƙatarta. Mai Boxer kuwa, mayar da murfi da wanke cen da kananzir da sa masa mai sun fi masa amfani.

Ku tura wa ɗan'uwa mai babur. Allah Ya kai mu gida lafiya.